Sallamar Yaya Altine Kafin Tafiya Indiya

Yaya Altine ya yi sallama da kowa a ƙasar Kebbe kafin ya rasu, har da mai facin taya da matar da ke sayar masa da daddawa, amma ni ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya bai yi da ni ba. Abin yana cina, kuma ba zan ɓoye ba don wai ba a ƙorafi da mamaci.

Ku da kuka zauna da shi a Fakku kun san halinsa. Ko kasuwar Kebbe zai je, sai ya bi maƙwabta zaure-zaure yana cewa, "Ni za ni tahiya. In ban komo ba, a yafe ni." Tun ana amsa masa da gaske har aka koma amsawa ba a ɗaga kai. Da la'asar sai ga shi da manja da gishiri, ya ce, "To, yafiyar ga a aje min ita, ta yi mako mai zuwa."

Bara waccan ciwon ƙirji ya kama shi. Likitoci a Sakkwato suka ce wata jijiyar zuciya ce ta toshe, gara a kai shi Indiya a yi aiki, kuma kada a ja lokaci. Ɗansa Bello, da ke aikin asibiti a Tambuwal, ya ɗauki shirin a kansa. Aka ce ni zan bi su jinya, tunda matar Yaya ta rasu, kuma ni kaɗai nake yi masa tsawa ya ji. Ga shi na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, ina karanta sunan magani. Tun daga shigata ajin Yaya ya daina kirana Kulu, sai Malama.

Wurin yin fasfo aka fara. Mai ɗaukar hoto ya ce, "Baba, a tuɓe hula." Yaya ya dube shi ya dube shi, ya tuɓe. Ashe akwai wata 'yar ƙarama a ƙarƙashi.

"Baba, ita ma."

"Kai ɗana, ka ce hula, na ba ka hula. Wagga ta gida ta."

Sai da na sa hannu na fizge ta. Aka zo ɗaukar zanen yatsu, na'ura ta ƙi gani. Aka goge, aka danna, shiru. Yaya ya ce wa ma'aikacin, "Kak ka wahal da kanka. Zanen yana can jikin ƙotar fartanya. In kana so a aiko maka da ita."

Da muka koma gida ya haɗa kaya: buhun gero, kuka, da jarkar ruwan rijiyarsa, don ba ya shan ruwan kowa. Bello ya ce jirgi ba ya ɗaukar wannan. Yaya ya ce, "Abin da ka ɗaukar mutanen gari guda ya tashi sama, jarkata ta za ta kada shi?" Aka gaya masa a can akwai wuraren da saniya ke kwanciya a tsakiyar titi, mota ta kauce mata. Wannan ya yi masa daɗi. Ya ce ashe akwai masu hankali a duniya.

Abin da ya tsayar da shi cak shi ne alƙibla. Wata rana Bello ya buɗe masa taswira a waya, ya ce, "Baba, ka ga mu nan, ga Makka, ga Indiya can gaba. In mun isa, yamma za mu riƙa kallo mu yi salla."

Yaya ya ƙura wa taswirar ido. Can ya ce, "Wato wuce Makka za mu yi."

"Ta sama, Baba."

"A bi ta ƙofar gidan babba ba a tsaya an gaisa ba?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, in na mutu can, sun san inda za su juya fuskata?" Na ce akwai Musulmi a can da yawa, kuma ba mutuwa za mu kai shi ba, gyara ne. Ya ce, "Ke kika faɗi." Daga ranar ya ce ba ya taka jirgi sai ya gama sallama.

Ni ce nake hawa bayan babur ɗaya, shi bayan wani, a wannan hanya tamu da ke karya ƙugu. Muka yi dangi, muka yi surukai, muka yi Kebbe, muka yi Tambuwal. Ya nemi gafarar wani mutum don akuyarsa ta taɓa cin waken mutumin, mutumin ma bai tuna ba. Bello ya ɗaga ranar tashi, ya sake ɗagawa. Da ya zo karo na ƙarshe idonsa ja, ya ce, "Gwaggo, biza tana ƙarewa. In muka bar jirgin Alhamis, sai an koma farko, kuma zuciyar nan ba ta jira."

Ni kuwa na riga na lura da abu. Sau biyu muna isa bakin Sanyinna Yaya yana cewa a juya, wai rana ta yi, wai ƙirji. A Sanyinna Jaɓɓi yake, abokinsa tun na yarinta. Tare suka yi noman fadama, har wata shekara Yaya ya ce a gaban jama'a Jaɓɓi ya ci masa iyaka. Daga baya dattawa suka duba, aka ga ruwa ne ya janye alamar. Jaɓɓi ya kwashe iyalinsa ya bar Fakku. Yaya bai taɓa ba shi haƙuri ba.

Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida na ce, "Yaya, ba sallama kake ba, kewaye kake. Wanda akuya ta ci wa wake ka iya zuwa gare shi. Wanda ka ci wa mutunci fa?"

Ya ce, "Karatun ga ya ƙara miki baki."

"Da abina na shiga ajin."

Ya daɗe yana wasa da carbinsa. Ya ce, "Su waɗancan na san za su yafe. Shi in ya ce a'a fa? In hau jirgi da ita?"

Na ce, "Gara ka hau da a'a da ka hau ba ka tambaya ba."

Ya yarda za mu je Litinin. Ya aika aka sayo goro fari manya, ya naɗe a ganye da kansa. Nan ne na ce, "To ni fa? Ka zagaye duniya, ni ba ka neman yafiyata? Ka san dukan da ka yi min muna yara?"

Ya ce, "Ba a sallama da abokin tafiya, Malama. Ke ai kina nan."

Ran Lahadi bayan la'asar ya jingina da darbejiyar, aka je tayar da shi salla aka tarar ya tafi. A Fakku muka sa shi, fuskarsa gabas, inda ya saba. Allah ya jiƙanka Yaya, ya sa ka tarar an yafe maka fiye da yadda ka roƙa, ya sanyaya maka makwanci.

Washegarin addu'ar uku na ɗauki ƙunshin goron, na yayyafa masa ruwa don ya fara bushewa, na hau babur zuwa Sanyinna. Na tarar da Jaɓɓi a zaurensa, ya tsufa, yana tufkar igiya. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kulu ta?"

Na durƙusa na ajiye goron a gabansa, na ce, "Ni ce. Altine ya taso zai zo, bai iso ba."