Sunan da Aka Sa wa Ciwon Inna

A shekarun da Turawa ke ɗibar samari zuwa yaƙin Bama ina zaman aure a wani ƙauye kusa da Gazara, tare da uwar mijina, wadda muke kira Inna. Autanta na cikin waɗanda aka ɗiba. Bayan tafiyarsa ta fara mantuwa. Sai ta zuba gishiri a kunu, ko ta gaishe ni sau biyar kafin hantsi kamar baƙuwa.

Da fari mutane cewa suke yi, "Gigin tsufa ne." Kalma ce mai sauƙi, ana faɗinta da murmushi, har a aiko wa mai ita goro. Da ta fara fita ba mayafi tana bin gonakin rake tana neman ɗanta, sai aka koma cewa ta rikice. Da ta daina gane mijina, na ji wata a bakin rijiya ta ce ta taɓu. Kowace kalma ta zo, sai masu shigowa gaishe ta su ragu.

Inna ta ɗauki wata ɗabi'a: ta zauna a ƙofar gida, duk yarinyar da ta wuce ta kira sunanta, ta yi ta maimaitawa. Da damina zazzaɓi ya kama 'yar maƙwabcinmu, cikin zafin ciwo ta ambaci Inna.

Da la'asar uban yarinyar ya yi sallama da mijina, mutane na bayansa. Ina ji daga bayan danga.

"Malam, ba faɗa ya kawo mu ba. Tsohuwa ta zo ta tsallaka yarinyar nan, ta sakar mata kurwa."

"Inna ko sunana ba ta sani ba," in ji mijina. "Tsufa ne."

"To, me zai rage ta in ta tsallaka?"

Ba wanda ya furta kalmar mayya a ranar. Ba a buƙaci a furta ba.

Ni na riƙe hannunta muka je. Ta ga yarinya kwance a tabarma, ta tsallaka, ta juyo tana dariya, ta tambaye ni ko suna ake yi. Na dawo gida ina roƙon Allah ya ba yarinyar lafiya, ban san abin da lafiyar za ta jawo mana ba.

Bayan kwana uku ta warke. Shi ke nan, magana ta tabbata a wurinsu. Aka daina sayen ƙulina. Kuma tunda an ce abin a nono ake shan sa, aka fara kauce wa mijina a sahun masallaci.

Da kaka muka ɗora Inna a jaki muka koma Kudan, inda ba wanda ya san mu. Can ta rasu bayan shekara biyu, maƙwabta suka yi mata wanka, suna cewa tsohuwa ta huta.

Watanni kaɗan bayan haka 'yata ta fari ta dawo daga kasuwa, ta ce wata mai sayar da mazarƙwaila daga Gazara ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaye ta gidan wa take.