Mama Saratu da farin shafinta

Mama Saratu ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye a bakin titin Samaru ina jiran motar Sabon Gari. 'Yarta ce ta kira ni. Motoci uku suka tsaya a gabana suka wuce, ban shiga ko ɗaya ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai ɗan shagon kwamfuta a unguwar Muchia da ke Sabon Gari, mai shuɗin labule, kusa da mai gasa masara. Ta yi shekaru tana buga tafireta a ofis. Da ta yi ritaya sai ta koya wa kanta kwamfuta, daga baya ta koyi gina shafin intanet daga wani littafi da murfinsa ya yage. A hannunta na koya.

Na je mata da sabon digirina da girman kaina. Ta zaunar da ni a benci, ta buɗe mini Notepad, wannan ɗan farin shafin rubutu da ke zuwa da kwamfuta, babu ado, babu abin da zai taimake ka.

Na ce, "Mama, wannan ai na rubuta wasiƙa ne."

Ta ce, "To Injiniya, rubuta wa kwamfutar wasiƙa mana. Gaya mata abin da kake so ta nuna."

Tun daga ranar ban sake jin sunana na gaskiya a bakinta ba.

Dokarta ɗaya ce: wata uku na farko, kowace alama ta HTML, yaren da ake gina shafin intanet da shi, da yatsunka za ka buga ta. In an ɗauke wuta, ta raba littafin rubutu da fensir, a ci gaba a takarda. Kuma kowa, shafinsa na farko a kan abu guda ne: abin da kake gani daga ƙofar gidanku.

Ni na rubuta bishiyar mangwaro, da rijiya, da farar akuyar mahaifiyata. Na ajiye, na buɗe a burauza, manhajar da ake kallon shafin intanet da ita, sai ga su a kan shuɗin fili kamar sama bayan ruwa. Ranar ma ruwan ake yi. Har yau in na ji yayyafi a kan kwano, sai in ga kaina a kan wancan benci, fanka na juyawa a hankali, ƙanshin masara na shigowa ta labule, Mama na rera waƙar coci ƙasa-ƙasa a bayana.

Ba ta taɓa barin ɗalibi ya tafi da yunwa ba. Kullum akwai kunun gyaɗa a fulas.

Bayan shekara guda wani abokina ya kawo mini faifai daga Legas. Babbar manhaja ce: ka ja hoto ka ajiye, ka danna nan, ka danna can, ita za ta rubuta komai a ɓoye. Cikin minti goma shafi ya tashi. Na ruga da shi Muchia ina rawar jiki.

Ta gwada, ta gyaɗa kai. "Tana da kyau ƙwarai. Amma ba ta sabon shiga ba ce."

Sai na ce, a gaban ɗalibanta, "Mama, zamanin tafireta fa ya wuce."

Ta cire faifan, ta goge shi da gefen zaninta, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na buɗe nawa ajin a Samaru. Ɗalibai suka cika, don tun ranar farko suna ganin abin sha'awa. Shekara biyu ban taka Muchia ba.

Binta ce ta mayar da ni. A cikin ɗalibaina babu mai idonta wajen tsara shafi. Wani ofis a Kaduna ya kira ta gwajin aiki. Suka ba ta shafin da ya lalace, suka buɗe cikinsa a Notepad, suka ce ta gyara. Daga tasha ta kira ni.

"Malam, ashe haka cikinsa yake? Wallahi ban gane ko layi ɗaya ba."

Saboda kyawun aikinta suka ba ta sati biyu ta dawo. Na zauna zan koya mata, sai na tarar ni ma hannuna ya manta. Na sa ta a gaba, muka hau motar Sabon Gari.

Mama ta dube ni ta saman tabarau. "Injiniya, ka yi ƙiba. Samaru ta karɓe ka."

Shi ke nan abin da ta ce mini. Ta juya wurin Binta: "Zauna, 'yata. Me kike gani daga ƙofar gidanku?"

Binta tana wannan ofishin har yau.

Na mayar da ajina kan Notepad a shiru. Na ci gaba da zuwa gaishe da Mama, ina shan kununta, amma ban taɓa ba ta haƙuri kan maganar tafiretar nan ba. Kullum sai in ce gobe.

Asabar ɗin da ta wuce na je da niyyar ba ta haƙuri. Na ma buɗe baki, sai ta riga ni.

"Wancan faifan naka yana nan? Ka kawo mini ran Asabar. Akwai mutum huɗu da suka cika wata uku. Yanzu sun san abin da manhajar take ɓoye musu, bari su huta."

Na yi dariya don daɗi. Na ce a raina, bari sai na kawo faifan, in haɗa da ban haƙuri, zai fi kyau. Ta raka ni bakin labule, ta ce in gaishe da Samaru.

Faifan yana cikin jakata yanzu haka. Shi zan kai mata da safen nan.

Tunda a gaban mutane na faɗa, bari in janye a gaban mutane. Mama, kina da gaskiya. Ban yi miki adalci ba. Ki yafe mini.

Ku da kuke tambayata kullum da me za a fara koyon gina shafi, amsar ba tawa ba ce, tata ce: ku fara da farin shafi, ku rubuta da hannunku. Manyan manhajoji ba za su gudu ba.

Na yi magana da 'yarta. Bayan jana'iza zan riƙa zuwa Muchia duk Asabar. Huɗun nan zan ba su faifan kamar yadda ta ce. Sauran ɗalibanta uku, da ba su cika sati biyu ba, benci da Notepad, har wata ukunsu ya cika.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa Saratu, ya ba ta hutu a wurin da ya fi duk abin da muka taɓa gani daga ƙofar gidajenmu. Ya ƙarfafa 'ya'yanta da jikokinta.

Kirista da Musulmi duk mun zauna a bencinta. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, ya tuna da ita da iyalinta a addu'arsa ta yau.