Ranar da Shinge Ya Sauka a Fitilar Baban Ofis

Matso kusa, jawo kujerar nan ka zauna, in ba ka labarin fitilar da ta jawo wa wani bawan Allah asarar gidan gwamnati.

A shekarun tamanin ne, zamanin da soja suka koya mana bin layi, har sabulu sai ka tsaya a bayan wani kafin ka samu. Muna haya a Trikania, gida mai ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da ke kawo ruwa ranar da ya ga dama. Maigidana yana aikin masaƙa a Kakuri. Ni kuwa ina gida da 'yan biyuna, ba na zuwa ko'ina sai coci da kasuwa. Amma kunnena yana yawo, don bangon ɗakunan nan da kaɗan ya fi kwali kauri.

Ɗaki biyun da ke bakin ƙofa na wani akawu ne da ke aiki a ma'aikatar gwamnati, can ƙetaren kogi. Baban Ofis muke ce masa. Matarsa kuma Madam, don in ka kira ta da maman wane ba za ta juyo ba. Ƙauyensu da na maigidana rafi ne kawai ya raba, amma shi cewa yake a makarantar kwana ta mishan ya tashi, bai san zaman ƙauye ba. Ko ranar Asabar ta sharar unguwa da lakataye yake fitowa, ya tsaya yana nuna mana inda ba mu share ba. Burinsa ɗaya a duniya, a ba shi gida a kwatas ɗin ma'aikata, ya rabu da mu. Shekara huɗu sunansa yana cikin takardar masu jira.

To ka dai san shinge, ƙwarin nan masu fiffike da ake soyawa. In ruwan farko ya sauka ya jiƙa ƙasa sosai, da magariba sai su ɓarke daga suri, su nufi duk inda haske yake. A bayan gidanmu akwai wani suri da ya fi maigidana tsawo. Tsarinmu kuwa kowa ya sani: a kashe fitilun ɗakuna duka, a bar ɗaya tak a waje, a jera baho da ruwa a ƙarƙashinta. Yara su riƙa kaɗo su da tsintsiya suna faɗawa cikin ruwa, jiƙaƙƙen fiffike ba ya tashi. Ranar nan babu yaron da ake roƙo ya ci tuwo. Ana dariya, ana santsi a taɓo, wanda suka shige masa riga yana tsalle yana ihu, uwaye na zage-zage amma su ma da kwanukansu a hannu.

Banda ɗakin Baban Ofis. Shi rufe taga yake, ya fesa maganin sauro, ya leƙo ya ce, "Ni a rayuwata ban taɓa sa ƙwaro a bakina ba." 'Ya'yansa uku su manne fuska a jikin ragar taga kamar 'yan fursuna. Akwai wata ƙofar ɓera a ƙasan ragar, ta nan 'yan biyuna ke tura musu rabonsu. Na gani, na kau da kai.

Wata rana a ƙarshen bazara ya tara mu a gindin mangwaro. Ya ce babban ogansu, wanda rabon gidaje ke hannunsa, ya yarda zai zo ranar Juma'a ya ga halin da yake ciki da idonsa. Don haka ranar ba daka, ba shanya, ba soya manja, kowane yaro ya sa rigar coci.

"Ina so Oga ya ga cewa mutum irina bai dace da nan ba," in ji shi.

Akwai wata tsohuwa 'yar Filato mai sayar da ƙosai a ƙofar gida, Kaka muke ce mata. Ta ce, "Wato ɗana, mu yi wanka mu yi kwalliya don a ga ba mu kai mu zauna da kai ba?"

"Kaka, ba haka nake nufi ba."

"A'a, na gane. Mu ne wahalar da za a zo dubawa. To za mu zauna da kyau."

Muka yarda, don gaskiya mu ma muna so ya samu. Ɗakunan bakin ƙofar nan mutum uku ne ke harinsu, har da ni.

Ranar Laraba ya sayo doguwar fitilar lantarki, irin farar nan ta ofis, aka kafa masa a saman ƙofa. Layinmu duk ƙananan ƙwayaye ne masu hasken jar manja, tasa kuwa in ta kama sai ka ga allura a ƙasa. Na ji shi yana yi wa Madam bayani: ya gaya wa direban Oga, in ya shigo layin kada ya tambayi kowa, ya nemi gida mai doguwar fitila kawai.

Juma'a ta zo. Ƙarfe biyar aka ce Oga zai iso. Tun uku yaranmu ke zaune a kan benci da rigunan coci, an shafa musu mai suna ƙyalli. Ƙarfe huɗu hadari ya haɗo daga wajen Narayi, iska ta taso, ruwan da muka yi wata biyu muna roƙo ya sauko kamar da fushi. Bai ɗauke ba sai wajen shida da rabi. Oga bai zo ba, ruwa ya tsare shi. Ƙasa ta ɗauki ƙamshin nan. Na dubi Kaka, Kaka ta dube ni, ta shiga ɗakinta ta kashe fitila. Ɗaya bayan ɗaya ɗakuna suka yi duhu. Hannu ne ya saba.

Sai ga shinge na farko ya bugi doguwar fitila. Sai na biyu. Kafin Baban Ofis ya gama gyara lakataye, ƙofarsa ta koma kamar hayaƙi. Shingen Trikania kaf ya bar ƙananan ƙwayayen mutane ya taho wurin babba. Yara suka tuɓe rigunan coci suka watsar, don sun fi tsoron duka a kan riga fiye da tsoron Baban Ofis. Na maƙwabta ma suka kwararo da robobi da tukwane.

"Maman 'yan biyu! Kwashe yaranki!"

"Baba, ai ka ga ba nawa kaɗai ba ne. Kashe fitilar, za su watse."

Ya kai hannu ga makunni, ya tsaya. In ya kashe, direba zai wuce gidan. In ya bari, ga abin da Oga zai tarar. Yana nan tsaye da hannu a bango, shinge na shiga masa wuya, sai farar mota ta kunno kai.

Oga ƙaton mutum ne, ɗan Binuwai, da furfura a gemu. Ya fito ya tsaya a tsakiyar yara masu tumbi a waje. Baban Ofis ya ruga yana kaɗe masa kafaɗa da hankici.

"Sori sa, sori sa. Ka ga irin abin da nake fama da shi, ranka ya daɗe. Mutanen nan ba su waye ba."

Oga bai ko dube shi ba. Ya cire ɗaya daga kwalar rigarsa, ya ɗaga shi wajen haske, ya juya shi.

"Kai! Dubi ƙiba. Rabona da wannan tun ina ƙaramin ma'aikaci. Can kwatas ɗinmu feshi suke yi kowane wata, ko tururuwa ba ta rayuwa." Ya juya ga Madam da ke tsaye da farantin biskit. "Madam, ajiye wannan. Ko za a ɗan soya mana?"

Madam a bariki ta girma, ita da gaske ba ta taɓa yi ba. Amma wa zai ce wa Oga a'a? Ta fito da risho, na miƙa mata kwano guda da na tsame. Ta ɗora kasko, ta ɗauko kwalbar man gyaɗa, ta karkata ta.

"Ke!"

Duk tsakar gida aka waiwaya. Baban Ofis ne, kuma da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, muryar bakin rafin nan ta ƙauyen maigidana.

"Wa ya ce miki ana sa masa mai? Shi ke kawo mansa! Za ki kashe shi. Tashi nan!"

Ya ƙwace kwalbar. Ya jefa lakataye bayan kafaɗa, ya tsuguna, ya rage wuta. Ya jiƙa gishiri a ruwa yana yayyafawa da yatsu, yana juyawa a hankali har suka yi ja, ƙamshi ya cika gidan. Ya ce a ba shi faifai. Ya juye, ya fara bakace, fikafikai na tashi gefe ɗaya, ko ƙwaya ba ta faɗi ƙasa ba. Ni da uwata ta koya mini bakace tun ban kai turmi tsawo ba, ban iya kamarsa ba. 'Ya'yansa sun fito sun saki baki.

Kaka ta ce, "Sannu ɗana. Ashe Turawan mishan sun iya bakace haka?"

Bai ɗago ba.

Oga ya zauna a kan bencin yara, ya ƙi kujerar kushin da aka fito masa da ita. Ya ci, ya nemi yaji, ya ƙara, yana ba 'yan biyuna labarin yadda suke haƙa rami a gindin suri suna yara. Da ya wanke hannu, Baban Ofis ya matso, ya sauke murya, ya koma Turancinsa. Ban iya Turanci ba, amma kwatas dai na ji ta sau uku.

Oga ya amsa da Hausa, kowa na ji. "Ka bar nan? Haba! Ga mutane, ga yara, ga suri a bayan ɗaki. Ni da zai yiwu da mun yi musaya. Akwai wani a ofis da rufin ɗakinsa ya yaye, shi zan ba. Kai dai ka riƙe mini wurin nan da kyau, baɗi zan turo direba." Aka cika masa gwangwanin madara babba, ya rungume abinsa ya shiga mota.

A daren ranar, bangon nan bai ɓoye mini komai ba. Madam ta ce, "Da ka bar ni na zuba man, da ya ci ɗaya ya yamutsa fuska, ya ji tausayinmu, ya ba mu gida. Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ba zan iya kallo ba ne."

Har muka tashi zuwa Kamazou suna nan a ɗakunan bakin ƙofa, ni ma ban samu ba. Lakataye dai bai daina ba. Amma duk ruwan farko shi ke kunna doguwar fitila da hannunsa, kasko kuma ba ya barin kowa ya taɓa, wai don na Oga ne. Direba kuwa sau ɗaya ya zo.

To kai fa, da kai ne a tsaye a wurin, ga gidan gwamnati yana jiranka a ƙetaren kogi, ga kwalbar mai ta karkata a kan shinge mai ƙiba, za ka iya kame bakinka?