Ƙasar Masallacin Tsibiri

A wata gonar dabino a unguwar Awali ta Madina na yi aiki tare da wani dattijo mutumin Cadi, Baba muke ce masa. Shi ke sakin ruwa, ni ke hawan dabinon. Yana da wani ƙullin tsumma ƙarƙashin matashinsa, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba. Ran da na dame shi ya kwance, sai ga curin ƙasa busasshe, bai kai ƙwan agwagwa ba.

Na ce, "Haba Baba! A Madina kake ɓoyon ƙasar wani gari?"

Bai yi dariya ba. Ya ce a tsibirinsu, cikin tafkin Cadi, akwai tsohon masallaci wanda ba a san maginansa ba. Kakanninsu sun ce duk mai barin tsibirin ya ɓalli katangar kaɗan ya tafi da ita, don masallacin ba ya yafe ƙasarsa, sai ya jawo mutum ya dawo ya mayar. Masunta ma kan ce suna jin kiran salla daga kangon in wani matafiyi ya kamo hanyar gida.

"To yanzu yaya masallacin yake?"

"Mun cinye shi, ɗana. Kowa ɓalla yake, ba mai mayarwa. Da na fito, bangon alƙibla kaɗai ya rage, iya gwiwa."

Kowace shekara sai ya ce in an gama girbin dabino zai tafi. Ina! Jikoki na can suna ci daga guminsa. Da ciwo ya kwantar da shi, ya damƙa mini ƙullin ya ce, "In ka sami mai zuwa, ba shi."

Da ya rasu, a Harami aka yi masa salla. Kowa na cewa ya dace, mutuwar Madina ba ta kowa ba ce. Na yarda, amma wallahi raina ya ɓaci.

Na bi 'yan Cadi na unguwar Harra ta Gabas shago-shago, har na dace da wani tela da ya san tsibirin. Ya ce ruwa ya janye, mutane sun watse, kangon ya baje, ko inda za a manna ƙasar babu. Ya juya curin a tafinsa, ya miƙo mini.

"Ɗan'uwa, riƙe shi da kyau. Ina jin abin da ya rage na masallacin ke nan."

Na mayar da shi cikin tsummansa. Yana nan ƙarƙashin matashina.