Zanen Roƙon Ruwa

A ajinmu na ƙarshe a lakwal, makarantar boko ta Filinge, mushe, malaminmu, wani dogon mutumin Dahome, ya ce ni zan yi babban zanen da za a rataye ranar bikin rufe shekara, don hannuna ba ya rawa. Ya ba ni faffaɗar takarda, ya raba ta biyu da rula. A dama zan zana yadda rana ke ɗaga ruwan teku ya zama girgije. A hagu kuma mutanen garinmu suna roƙon ruwa, an juya riguna bai-bai, kamar yadda ake yi in damina ta tsaya hatsi ya fara lanƙwashewa. A saman hagun ya rubuta kalmar faransanci mai nufin "da", wato zamanin da ya wuce.

Na karɓi takardar. Bara ma babana, da yake malami ne, shi ya ja mutane zuwa filin roƙon, kuma zai zo bikin.

Ɓangaren dama bai wahalar da ni ba, ko da yake ban taɓa ganin teku ba. Daga littafi na kwafa. Hagun ne ya tsaya mini. Na sami Baba yana gyaran ƙotar fartanya a gindin gawo, na tambaye shi hukuncin zana mutum, ban faɗa masa sauran ba.

"Wa ya sa ka?"

"Mushe."

"To, ja layi a wuyan kowa. In ka yanke wuya, ba mai rai ba ne, ba za a ce ka hura masa rai ba gobe kiyama."

Na zana mutanen sahu-sahu, na bi kowane wuya da layi siriri, a hankali, da rula. Mushe ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo.

"Kai, ɗan malam, wa ya yanka mini mutanen nan? Ranar da kumandan, Bature mai mulkin gari, zai zo za ka nuna masa mahauta? Goge."

Na goge. A gida na mayar. Washegari na sake gogewa. Haka muka yi ta yi har takardar ta yi laushi a wuraren wuya, haske na ratsa ta. Abinci ya daina mini daɗi. Abokaina suna ƙwallo, ni ina cikin aji da gom na gogewa a hannu, ina jin warin alli.

A ƙarshe na share mutanen gaba ɗaya. Na bar fili, da itacen aduwa, da takalma jere a gefe inda ake cire su. Mushe ya duba, ya sauke numfashi, ya ce lokaci ya ƙure, a rataye haka.

Ranar bikin Baba ya tsaya gaban zanen, hannuwa a baya. Ba ya karanta boko, saboda haka kalmar ta wuce shi. Ya ɗora yatsa kan tekun.

"Daga nan yake zuwa?"

"Haka mushe ya ce."

"Da nisa kuwa. Dole a roƙa."

Ya tafi neman inuwa. Ni kuma na zauna bayan aji na jingina da bango, barci ya ɗauke ni tun kafin a fara rabon kyaututtuka.