Rufin Ɗakin Malam

Ta yaya Malam ya sani? Har yanzu ban samu amsa ba. Mai rubuta wasiƙa, rubuta wa ƙanwata ta garin Gidigir haka, da hawaye nake faɗa.

Yau aka zo rushe ɗakin maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, don a sake gini kafin damina. Autana Mamman ya naɗe wando, zai shiga ya cire gungumen da ya tokare rufi. Na tare ƙofa.

"Inna, matsa mana, rana na yi!"

Na ce, "Sai dai ka bi ta kaina. A ture shi da dogon itace daga waje."

Magini ya yi dariya. "Iya, azarar nan sai ta ga tattaɓa-kunnenki!"

Muna cikin gardama, akuyar maƙwabta ta kutsa ta tsakanin ƙafafuna, ta goga jiki da gungumen. Rim! Rufi ya rufto! Ashe gara ta cinye azara. Akuya ta fito da ƙyar, Mamman ya durƙushe yana salati.

Gobe za a kwaɓa ƙasa, ni zan ɗebo ruwan farko. Amma Malam bai bar kunnena ba. Ranar da zai cika ya riƙe hannuna ya ce, "Fanna, ranar rushe ɗakin nan, ki tsaya a ƙofa da kanki. Kada ki bar Mamman ya shiga."