Yadda Na Mai Da Makaranta Gidan Reno

A duk faɗin birnin Greensboro, daga unguwar Glenwood har gonakin McLeansville, babu mai cika takardar haraji da ya kama ƙafata. Haka nake gaya wa kowa a wancan lokaci, har da waɗanda ba su tambaye ni ba. Amma ku sababbin ma'aikata, akwai ranar da har gobe ba na mantawa da ita.

Shekarata ta biyu ce a wani ƙaramin ofis kan titin Wendover, wajen 2006. Ga wanda bai san aikin ba: daga Janairu zuwa tsakiyar Afrilu mutane kan kawo takardun albashinsu, mu lissafa, mu aika. Akwai fom na rangwame ga iyaye masu aiki da ke biyan kuɗin renon yara, inda ake rubuta sunan mai renon da abin da aka biya. Ƙa'idojin suna cikin wani littafi mai kauri, wanda na ɗora allon kwamfutata a kansa saboda ciwon wuya.

Ran nan Alhaji Isuhu ya shigo. Mutumin Maraɗi ne, yana aiki a sito, matarsa ma tana aiki. 'Ya'yansa biyu suna wata makarantar kuɗi ta Musulunci, aji biyu da aji huɗu.

"Malam Bala, lanho ya cinye ni, lekwal ta cinye ni. Ba dabara?" Haraji da makaranta yake nufi, da Hausar mutanen Maraɗi.

"Alhaji, ƙarfe nawa kake kai su?"

"Takwas. In ɗauko su shida."

"Ana ba su abinci? Ana raba su in sun yi faɗa?"

"Kullum."

"To reno ya wuce haka?"

Ai a gida in ka miƙa yaro ga malam, ka miƙa shi ne dungurungum: karatu, ci, tarbiyya, ba mai rarrabewa. Na kwashi kuɗin makarantar na zuba a gurbin reno. Alhaji ya sami rarar dala dubu da 'yan kai, ya haɗa da ajiyarsa ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka. Bayan Juma'a kuwa ya dinga yabona a ƙofar masallaci har sai da hulata ta yi mini kaɗan.

Bayan 'yan watanni wasiƙa ta zo daga hukumar haraji: a kawo shaida daga mai renon, in babu a maido kuɗi. Alhaji ya iso ofis da wasiƙar a hannu.

"Tsohuwa ta riga ta yi wa dangi sallama, Malam Bala."

"Kwantar da hankalinka. Takarda ɗaya ce, yau zan karɓo."

Shugabar makarantar, Anti Zuwaira, 'yar zangon Kumasi ce, mai tabarau a kan hanci. Na miƙa mata wasiƙar da na tsara don ta sa hannu. Ta karanta har sau biyu.

"Malam, wace ce mai reno a nan?"

"Anti, kalmar fom ce kawai."

"Shekara goma sha takwas ina koyar da lissafi. Yau ka zo in sa hannu cewa goyo nake yi?"

Ta jawo rasit, irin wanda Alhaji ya kawo mini tun farko, ta ɗora yatsa. Layi biyu ne. Na sama kuɗin karatu, takwas zuwa uku. Na ƙasa kuɗin tsaron yara bayan an tashi, uku zuwa shida. Ni jimla kawai na duba.

"Na ƙasa zan sa wa hannu. Na sama kuwa, ko liman ka kawo, ba zan sa ba."

Da na koma ofis, na ba shugabarmu labari. Ta ɗaga allon kwamfutata, ta zaro littafin, ta hure ƙura, ta buɗe mini shafin. Ga shi ɓaro-ɓaro: da yaro ya shiga ajin share fagen firamare, kuɗin karatunsa ba reno ba ne, tsaron bayan tashi ne kaɗai ke shiga.

Muka gyara fom. Layin ƙasa ya ceto wani abu, sauran Alhaji ya biya kaɗan-kaɗan, yana aikin Asabar har hunturu don kada a taɓa kujerar tsohuwa. Kuɗin ruwan da aka ɗora kuwa ni na biya daga aljihuna, don bawan Allah bai taɓa cin ruwa ba a rayuwarsa, ban ga dalilin da zai fara bayarwa saboda ni ba. Hajiya ta sauke farali. An kawo wa kowa dabino da zamzam. Ni ma an kawo mini, dabino uku.

Abin da na koya: mutanenmu ba sa karanta abin da muka cika, amana suke sa wa hannu. Saboda haka ku karanta a madadinsu, layi-layi, ciwon wuya kuma ku nemi matashi.

Ranar Babbar Sallar da ta biyo baya na haɗu da Anti Zuwaira a filin idi, ina tsakiyar jama'a ina bayanin dokar haraji. Ta saurara har na kai aya, sannan ta gyara tabarau.

"Malam Bala, akwai gurbi a aji ɗaya in kana son koyon karatu. Sai dai ka sani, ba ya shiga rangwame."